HAYAR ƊAKI DA HAYAR LITTAFI: JAN KUNNE GA 'YA'YANMU ƊALIBAI

Masu jiran ci gaban labari su yi mini afuwa, yau na ɗan ajiye alƙalamin soyayya a gefe, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ita ce zaman 'ya'yanmu ɗalibai a gidajen haya.

Ni dai ban yi jami'a ba. Ina gama sakandare aka yi mini aure, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikin sa'o'ina. Amma Allah Ya sani, a littattafaina na kai 'yan mata jami'a ba adadi. Na ba su ɗaki mai labule har ƙasa, na shimfiɗa musu kafet, na tayar musu da turaren wuta, na tsayar da samari da motoci a ƙofar gida. Abu ɗaya ne ban taɓa rubutawa ba, wato wace ce ke wanke banɗaki a gidan. Sai da abin ya zo kan 'yar cikina sannan na gane ashe duk labarin yana wurin nan da muke tsallakewa.

'Yata ta fari, kun san ba a faɗar suna, ta samu gurbin karatu a wata jami'a da ke wani gari ba namu ba. Ba ta samu gado a ɗakunan kwanan makaranta ba, kamar dubban 'yan uwanta. Wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya san Samaru a Zariya, ko Ɗanbare da Rijiyar Zaki a Kano, ya san unguwanni ne da ɗalibai suka cika, saboda yawan waɗanda ake ɗauka ya daɗe da fin ƙarfin ɗakunan da makarantu suka gina. Mahaifinta ya je ya kama mata ɗaki ita da wata ƙawarta a wani gida mai ɗaki takwas, banɗaki biyu, da madafi ɗaya a tsakar gida. Mai gidan wata dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar mata gidan da marayu huɗu, ita kuma tana zaune a wani ɗan sashe da aka yanka a bayan gidan.

Shekara na gab da cika sai yarinyar nan ta bugo mini waya tana kuka, wai Inna ta ce kowa ya nemi wani wuri, ta gama ba ɗalibai haya har abada. Jarrabawa saura 'yan makonni. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce wannan ai zalunci ne irin na masu gidaje, ta ga wanda zai ba ta kuɗi fiye da namu ne kawai. Washegari na yafa mayafi na nufi tasha, duk hanya ina tsara maganganun da zan yaɓa mata.

Mai karatu, tun daga zaure na fara haɗiye maganganun nan ɗaya bayan ɗaya. Wari ne ya fara yi mini maraba. Kwatar tsakar gida ta toshe da ledar ruwa da ragowar taliya, ruwan wanke-wanke ya kwanta ya yi kore, sauro na shawagi da rana tsaka. Banɗaki ɗaya an rufe shi da kwaɗo saboda ya cika ya tumbatsa, 'yan mata goma sha tara suna layi a kan ɗaya. Na ce goma sha tara? Ai ɗaki takwas ne, mutum bibbiyu. Aka ce eh, sauran ukun 'yan raɓe ne, ƙawaye ne da suka zo kwana biyu tun farkon zango. Bangon madafi ya yi baƙi ƙirin, ƙofarsa ta ɓalle an jingine ta. Kan famfon tanki ya karye an ɗaure shi da roba, yana ɗiga dare da rana.

Na shiga wurin Inna na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo wata tsohuwar jaka ta zazzage mini takardu a gaba: na mai gyaran famfo, na mai gyaran wuta har sau uku, na masu motar kwasar masai. Sannan ta ce, "'Yar nan, ni ba na gaba da karatu. Da kuɗin gidan nan nake ciyar da marayu. Bana kuɗin jarrabawar fita sakandare na autana a ramin masai ya tafi. In kin ga laifina ki faɗa mini, ke ma uwa ce."

Wallahi ban sami abin cewa ba. Da na fito na tsare 'yata, sai ta ce, "Umma, ni fa ba ni ba ce, ɗakinmu tsaf yake." Gaskiya ta faɗa, ɗakinsu tsaf yake, har da ƙamshi. Na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsaf, kowacce kuma amsarta ɗaya, ba ita ba ce. To wa ya toshe kwatar, aljanu? A nan na gano ciwon. Kowace yarinya ta ɗauka iyakar hayarta bakin ƙofar ɗakinta. Tsakar gida da banɗaki da madafi da zaure kuwa na kowa ne, shi ya sa suka zama marasa mai su.

Ra'ayina a kan wannan al'amari, wanda na san wasu ba zai yi musu daɗi ba, shi ne: kuɗin hayar da ka biya izinin zama ya saya maka, bai saya maka izinin ɓarna ba. Kuma ɓarnar da ɗan haya ya yi ya tafi, yawanci wani ɗalibi ne da bai ji ba bai gani ba zai biya ta.

Mu marubuta mun san haya tun kafin 'ya'yanmu su san ta. Waɗanda suka yi karatun littattafan Hausa a shekarun 1990 da farkon 2000 za su tuna shagunan hayar littafi a cikin unguwanni, inda yarinya za ta ba da 'yan canjinta ta karɓi littafi ta dawo da shi gobe ko jibi. Wata za ta dawo da shi kamar ba a buɗe ba. Wata kuwa sai ta zuba masa miya, ta rubuta sunan saurayinta a bango, ta yage shafin ƙarshe ta ƙunsa gyaɗa. Ita ta riga ta san yadda labarin ya ƙare, ba ruwanta. Wadda ta karɓa bayanta ita ce za ta kwana tana karatu ta zo ƙarshe ta tarar babu. Daga nan mai shago ya ƙara kuɗi, ko ya ce sai an ajiye jingina, ko ya daina ba 'yan layin gaba ɗaya. Haka ɗakin haya yake. Duk mai gidan da ka ji ya ce sai an biya shi shekara biyu a dunƙule, ko sai an ajiye kuɗi masu yawa saboda ɓarna, ko ya ce shi sam ba ya ba ɗalibi, in ka bincika sau da yawa za ka tarar akwai wanda ya taɓa yage masa shafin ƙarshe. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Bari in ɗauki abubuwan da suka fi haddasa rigima a irin waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Na farko wutar lantarki. Yawancin gidajen mita ɗaya ce mai kati, a yi karo-karo a saya, kowa ya ba da daidai da na kowa. Amma shan ba daidai yake ba. Mai gyaran wutar da Inna ke kira ya yi mini bayanin da ban manta ba. Ƙwan fitila irin na yanzu bai fi wat 10 yake ci ba, ita kuwa hitar dafa ruwa ko rishon lantarki ko dutsen guga, kowannensu yana cin wat 1,000 ko fiye. Abin da ke cin wat 1,000 in ya yi awa ɗaya a kunne ya cinye yunit ɗaya cur, wanda ƙwan fitila sai ya yi awa 100 kafin ya ci. Ke nan wadda ta ɗora wake a rishon lantarki ta tafi lakca ta cinye kuɗin 'yar uwarta da ba ta da komai sai fitila da cajin waya. Wannan cin haƙƙi ne ko da ba a kira shi da sunansa ba. Ga shi wuta ta yi tsada, a watan Afrilun 2024 an ninka kuɗinta fiye da sau uku ga waɗanda ke rukunin da ake kira Band A. Ban da kuɗi akwai rai. Wayoyin da aka ja don fitila da fanka in aka ɗora musu hita huɗu a lokaci guda zafi suke yi su narke, gobarar dare kuwa ba ta tambayar ɗakin wa ya jawo ta. A ƙarƙashin gadon 'yata na samu tata hitar, ita mai cewa ba ita ba ce.

Na biyu ruwa da banɗaki. Wadda ta tashi a gidan da ake sayen ruwa a wurin mai kura ta san darajar jarka ɗaya. Amma da zarar an ce ruwan tanki ne na kowa, sai a bar famfo a buɗe a tafi hira. Sai kuma maganar da ake jin kunyar faɗa, ni kuwa zan faɗa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yan matanmu, audugar mata da leda da tsumma ba a jefa su a masai na zamani. Ba sa narkewa, bututu suke toshewa, ramin ya cika kafin lokacinsa. A naɗe a leda a kai shara. Wannan magana uwa ce ya kamata ta faɗa wa 'yarta tun a gida, kafin mai kwasar masai ya zo ya baje sirrin a tsakar gida kowa na kallo.

Na uku wutar girki. Silindar gas a cikin ɗakin kwana, kusa da labule da katifa, ganganci ne. In an ji warin gas a buɗe ƙofa da taga, a rufe kan silinda, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin fitila. Haka gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ko janareta a zaure ko bakin taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Ba yau aka fara jin labarin mutanen da aka wayi gari babu su ta wannan hanya ba. A gidan haɗaka sakacin mutum ɗaya kowa yake shafa.

Na huɗu baƙi da hayaniya. Taimakon ƙawa da ba ta samu wuri ba abu ne mai kyau, mu Hausawa ba ma korar baƙo. Amma baƙon da ya yi wata huɗu ya zama ɗan gida, yana shan ruwa yana shan wuta yana shiga layin banɗaki, alhali ba ya cikin lissafin karo-karo, mai gida kuma ba ta san da shi ba. In za a ajiye shi a nemi yardar abokiyar ɗaki da ta mai gida, a sa shi a lissafi. Sai masu kunna waƙa ko kallon fim da ƙarfi ƙarfe ɗayan dare, alhali ta ɗakin kusa tana da jarrabawa ƙarfe takwas. Sai masu tara samari a ƙofar gida har dare ya raba, su jawo wa gidan duka suna a unguwa, wadda ba ta taɓa tsayawa da kowa ba ita ma a shafa mata. Gidajen samari ma ba su tsira ba, har sun fi. Ɗan ƙanena ya ba ni labarin gidansu, inda tukunya kan kwana bakwai a madafi ana jiran a ga wa zai gaji ya wanke, da masu ɗaukar takalmi da bokiti da cajar waya ba sallama, wai ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Aro da izini ake yinsa.

Na biyar ranar tashi. Wasu sai su sulale da asuba, su bar bashin wuta da na shara da na 'yan sintiri, su tafi da makulli, su bar bango duk ramukan ƙusa. Suna ganin sun yi wayo tunda ba za su sake dawowa garin ba. To bashi ba ya ruɓewa don an sauya gari.

Na san za a ce, to ke marubuciya, masu gidajen fa, waliyyai ne? A'a, ko kusa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai mai gidan da zai karɓi kuɗin shekara cif, rufi na yoyo tun daminar bara, in ka yi magana ya ce in ba ka so ga hanya. Akwai mai yanka ɗaki ɗaya ya mai da shi biyu da falanki. Akwai dillalan da ke karɓar la'ada a wurin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. Akwai mai riƙe kuɗin ajiya ko da ka bar masa ɗaki kamar sabo. Ba mu manta da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ba, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗakuna na kulle kuɗin haya na tafiya, ɗalibai suka dawo aka ce su sake biya. Kafin shi ga na 2020 da ya kai wata tara. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur kuma, kuɗin mota da na abinci suka tashi, iyaye da yawa sai sun ci bashi suke haɗa kuɗin ɗaki. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa a yi masa rubutu na musamman. Akwai ma wuraren da hukuma ta sa baki, kamar dokar haya da Jihar Legas ta yi a 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ce in babu wata yarjejeniya, mai biyan shekara-shekara a ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi.

Amma zaluncin mai gida ba ya halatta maka ka toshe kwata, domin ba shi ke kwana da sauron ba, kai ne da 'yan uwanka. Kuma ɗan hayan da ya tsare nasa haƙƙin shi ke da bakin neman nasa. Ranar da kuka je gaban mai unguwa kuna ƙarar rufi na yoyo, in mai gida ya fito da takardun bashin wuta da hoton banɗaki, magana ta ƙare. A Islamiyya malaminmu ya karantar da mu a babin haya cewa abin da aka ba ka haya amana ne a hannunka. In ya lalace don tsufa ko wani abu daga Allah, babu ramuwa a kanka, in kuwa sakacinka ne ko wuce iyaka, sai ka biya. Haƙƙin maƙwabci kuma kowa ya san girmansa, to wane maƙwabci ya kai wanda bango ɗaya ya raba ku, kuke shiga banɗaki ɗaya?

Mu iyaye ma mu karɓi namu kason. Muna cika wa yaro buhu da shinkafa da gari da manja, mu saya masa katifa da waya, amma ba ma zaunar da shi mu ce ga yadda ake zama da mutane. Yarinyar da 'yar aiki ke wanke mata kwano har ta gama sakandare, da yaron da ba a taɓa ba shi tsintsiya ba don wai shi namiji ne, ranar da suka shiga gidan haya wa zai yi musu? Kuma shekara ta zagayo ba mu taɓa taka ƙafa mun ga inda suke kwana ba, ba mu san mai gidan ba, ba mu da lambarsa. Ni kaina sai da aka kore ta sannan na je. Wannan kunyar tawa ce, na ɗauka.

Yadda muka ƙare da Inna kuwa, kwana biyu na yi a garin. Na tara 'yan matan a tsakar gida bayan la'asar, na ce yau ni ce uwar kowa. Muka yi karo-karo aka kira mai gyara, muka sa hannu mu da kanmu muka fasa kwatar. Sannan aka ɗauko takarda aka rubuta, kowa ta sa hannu, Inna ta dangwala yatsa, limamin layin ya zama shaida. Abin da ke ciki ba wani abu mai wuya ba ne. Za a zaɓi shugabar gida duk zango. Za a manna jadawalin shara da wankin banɗaki a ƙofar madafi, ɗaki-ɗaki, wadda ranarta ta faɗo a kan jarrabawa ta yi musaya da wata. Kuɗin wuta da ruwa da shara za a haɗa su a farkon wata, a rubuta a littafi kowa na gani, mai hita ko dutsen guga ta ƙara wani abu a kai. Baƙuwar da ta wuce mako ɗaya a sanar. Bayan ƙarfe goma na dare a rage murya. Abin da ya lalace a faɗa a ranar, tun yana ƙarami. Ita kuma Inna ta ɗauki gyaran rufi da tanki da duk abin da tsufa ya ci, da alkawarin ba za ta tashi kowa ana tsakiyar zango ba. Sabuwar da za ta shigo a zagaya da ita a duba ɗaki tare, a ɗauki hoto a waya, don ranar fita kada a yi musu.

Ba zan ce muku gidan ya zama aljanna ba, ai zo mu zauna zo mu saɓa ne. Biyu daga cikin 'yan matan sun ce su ba za su iya wannan takura ba, suka tashi. Har yanzu akan yi cacar baki a kan layin wanka. Amma Inna ta janye maganarta, 'yata ta rubuta jarrabawarta a ɗakinta, autan Inna kuma ya zauna tasa a shekarar da ta biyo baya.

Ku 'ya'yana ɗalibai, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Takardar digiri za ta nuna abin da kuka karanta, amma waɗanda kuka zauna da su gida ɗaya su ne za su ba da shaidar halinku, kuma sau da yawa a cikinsu ake zuwa tambaya ranar neman aure ko neman aiki. In kun tashi fita, ku bar ɗakin yadda za ku so ku same shi, domin ƙanwar wani ce ko ƙanin wani zai shiga bayanku.

Ni ma na yi wa kaina alkawari, a littafina na gaba jarumar za ta riƙe tsintsiya, ko da mai mota na jira a waje.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya haɗa su da abokan zama nagari, Ya sa su ma su zama nagari ga wasu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya kai mu.

Wassalam.